Farantan Kawu da Hular Baffa

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, wannan ba abin musu ba ne. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya cika ranar Talata da hantsi a gidan da yake haya a unguwar Shumaisi, nan Riyad. Aka yi masa salla bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa. Ƙasar kabarin ba ta gama fita daga faratanmu ba mutane suka fara yi masa sabon tarihi, wai don su rufa masa asiri.

Muna zaune a ɗakin baƙi ana zagayawa da gahawa da dabino. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan direba, mutum ne mai riƙon amana." Gaskiya ne, ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙi a gidan Balarabe ɗaya, ko madubin mota bai taɓa fasawa ba. Amma wa ya san shi don tuƙi? Wani dattijo mai sayar da turare a kasuwar Dira ya sassauta murya ya ce, "Wancan abin kuma, Allah ya yafe masa, ƙuruciya ce." Na dube shi sama da ƙasa. Wace ƙuruciya, fisabilillahi? Mutumin da ya juya faranti a Sallar Layyar bara, furfura har a gira? Shi kansa mai turaren da idona na gan shi ran nan yana dariya har ya shaƙe, sai da aka bubbuga masa baya aka ba shi ruwa.

Daga nan sai su juya wajen Baffa. Baffa yayan matar Kawu ne, marigayiya Inna, kuma shi ne dattijon da muke sawa gaba duk inda salla ta riske mu a taro. Su riƙe hannunsa da hannu biyu su ce, "Kai kam ka fita haƙƙinsa. Shekara da shekaru kana tsawata masa a bainar jama'a, bai ji ba." Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni kuwa na kau da kai, don na san abin da na sani.

Da aka ɗan rage, ɗan Kawu ya ja ni gefe. Taubashina ne, a nan Riyad aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, shi ya sa nake ce masa Balaraben Shumaisi. Yana aikin ofis, yana zaune a unguwar Badi'a da iyalinsa. Ya nuna min akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Kawu ya ce, "Yaya, bayan addu'ar uku za mu mayar wa mai gida makullinsa. Kayan sawa za a yi sadaka. Wannan kuma, halas, magana ta ƙare, a kai shi bola."

Na ce, "Bola? Ka san abin da ke ciki?"

"Na sani. Shi ya sa."

Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: farantan ƙarfe uku masu zanen fure, irin na jeren amaren da, duk sun lotse a baki, da sandunan gora uku, da wata riga mai faci ja da rawaya. Amma ku tuna a wane gari muke. A nan ba a rubuta suna a kabari. Dutse ne a kai, dutse a ƙafa, in ka dawo bayan wata uku sai ka yi ta lalube cikin sahu ka haƙura ka yi addu'a ga kowa da kowa. Ban ƙi wannan ba, haka ya dace. Sai dai in kabari bai faɗi sunansa ba, mutane sun ƙi faɗin sana'arsa, akwatin kuma ya tafi bola, to me ya rage? Ni ɗan 'yar'uwa ne, ko cokali ba ni da shi a gadon nan. Abin da nake da shi baki ne, shi ma a lokacin a ɗaure yake da rantsuwa.

Bari in faɗa ƙarara tunda sun ƙi: Kawuna ɗan wasa ne. Ba a Riyad ya fara ba. Tun yana saurayi a Funtuwa yana cikin wata tawaga da ke hawa dandamali a gidan silima kafin a kunna fim. Ya sha ba ni labarin jerin. Mai kura ne ke buɗewa don a yi tsit, sai 'yan koroso su tayar da ƙura, sai ɗan kama ya fito da waƙar tuwo, sai mai dabo, sai shi da farantansa. Kowa minti kaɗan gare shi, kuma 'yan kallo ba su zo dominka ba, fim ɗin Indiya suka biya. In ka gundure su ba sai an faɗa maka ba, za ka ji totuwar masara a ƙeyarka. Yakan ce 'yan layin gaba su ne malamansa, masu dako da 'yan tasha, don su ba su san kara ba. In ka iya za su yi fito har kunnenka ya toshe, in ba ka iya ba kuwa za su gaya maka sunan da uwarka ba ta sa maka ba.

Wurinsu ya koyi abin da ya riƙe har ya mutu. "Ɗan kallo ba ya son gwani," in ji shi, "yana son wanda ya kusa faɗuwa." Saboda haka da gangan yake yar da farantin farko. Ya ɗora shi a tsinin sanda, ya juya, ya bar shi ya kuɓuce, ƙwaram a ƙasa. A yi masa eho, ya sosa ƙeya, ya yi kalar tausayi. Daga wannan lokacin babu mai sake ɗauke ido, kowa jira yake ya ga ko tsohon nan zai sake jin kunya.

Da ya zo Riyad tuƙi, garin ba kamar yau yake ba. Babu silima, babu dandamali, ko ganga ba ka isa ka buga a fili ba. Abin da muke da shi istiraha ce, wato irin filin nan mai katanga da rumfa da ake haya a bayan gari. Ranar Salla mukan haɗu a can, direbobi da magina da teloli irina da masu gadi, a dafa shinkafa a babbar tukunya, a yi La'asar, sannan a shimfiɗa darduma a bar fili a tsakiya. Mazan da suka shekara biyu ba su ga 'ya'yansu ba, su ne 'yan kallon Kawu.

Ga yadda abin yake tafiya, kuma duk wanda ya zauna a ɗakin makokin nan ya san shi kamar tafin hannunsa. Kawu ya yar da farantin farko, a yi eho. Ya ɗauka ya sake juyawa, wannan karon ya tsaya cak yana walainiya. Ana shirin tafi sai Baffa ya miƙe daga tsakiyar jama'a, fuska a murtuke, ya nuna shi da yatsa ya daka tsawa, "Ƙarya ne! Akwai ƙusa a bakin sandar nan!" Wuri ya yi tsit. Kawu ya dube shi a sanyaye ya ce, "To, zo ka riƙe."

Baffa ya fito yana huci, ya duba sanda, ya shinshina ta, bai ga ƙusa ba. Kafin ya mayar, Kawu ya ɗora masa faranti a kai ya juya. Ya cusa masa sanda ta biyu a ɗaya hannun, ita ma da nata farantin. Ga dattijo mai girma a tsaye hannu biyu a sama, ido ya raina fata, yana ta "Kai! Kai! Karɓi abinka!" Kawu kuwa ya zauna ya sha shayin Baffa, ya cinye masa dabino, sannan ya zagaya ta baya ya cire masa hula, ya leƙa ciki, ya zaro ƙwai ya ɗaga sama. A nan ne maza ke faɗuwa a kan juna. Shekara bayan shekara abu ɗaya ne, amma ba a taɓa gajiya ba, don kowa ya yarda Baffa da gaske yake, kuma kowa jira yake wata rana ya kama Kawu.

Ni ma na yarda. Shekarata ta biyu a garin nan na tare Baffa a bakin ƙofar istiraha, jini yana ɗibata, na ce, "Baffa, in ba ka son wasan ka zauna a gida mana! Kullum sai ka tozarta mijin ƙanwarka?" Ban rufe baki ba na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Kawu ne. Bai taɓa ɗaga min murya ba sai ran nan. Ya ce, "Kai, tela, wa ya aike ka? Ba shi haƙuri yanzun nan!" Na ba da haƙurin da bai kai zuci ba, na yi wata guda ban taka gidansa ba. Ina cewa a raina, ka ga mutum, ana tare masa faɗa yana cizon mai tarewa.

Ashe ruwa ba ya tsami banza. Wata Juma'a da hantsi na kawo masa rigar wasan da ya aiko min in gyara hammata. Ƙofa a buɗe, na yi sallama ba a ji ba, na leƙa. Me zan gani? Baffa daga shi sai singileti da wando, faranti yana juyawa a hannun dama, wani a hagu, na uku a kan sandar da ya kafa a haɓarsa, ko gezau. Kawu yana kishingiɗe a tabarma da kofin shayi yana cewa, "Ran Salla ka yi saurin tashi. Ka bari tafin ya kusa fashewa, ka ja numfashi uku, sannan ka yi ihun." Baffa ya sauke sandar haɓa ya ce, "Kai ne ka daɗe kana sosa ƙeya, kamar mai ƙwarƙwata." Sai suka hango ni.

Ranar na ji komai. A silimar Funtuwa Baffa yana saurayi mai tallan yadi, kuma ihunsa na farko da gaske ya yi shi. Kawu ya rasa yadda zai yi da shi ya ce ya zo ya riƙe. Gidan ya kusa rushewa don dariya. Washegari Kawu ya bi kasuwa rumfa-rumfa har ya gano shi, ya ce su maimaita. A garin koya masa juyi Kawu ya ga ƙanwar Baffa, wadda ta zama Inna. Kuma abin da ɗan kallo bai sani ba, faranti ba ya zama a kan sanda don Allah ya so shi, sai mai riƙon yana kaɗa wuyan hannu a hankali. Aikin Baffa ya fi wuya: ya riƙe biyu suna juyawa, yana kuma nuna kamar bai taɓa ganin faranti ba. Kawu da bakinsa ya ce, "Ya fi ni hannu, ni dai na fi shi rashin kunya." Ƙwan ma Baffa ne ke dafa shi a gida ya sa a hula. Tun daga ranar ni nake ɗinka masa ɗan aljihun da ke cikin hular, don kada ƙwan ya gangaro yana gaisawa da mutane.

Kafin in fita Baffa ya sa ni na rantse. Ya ce, "Ba za ka faɗa wa kowa ba, sai in ni na fara faɗa da bakina." Na rantse, don dalilin a fili yake, ranar da aka gane ranar wasan ya mutu. Abin da ban hango ba shi ne yadda rigar mai tsawatarwa za ta zauna wa Baffa daidai. Mutane suka ɗauke shi mai tsayawa kan gaskiya, wanda ko surukinsa bai ƙyale ba. Suka fara kawo masa shari'ar tsakaninsu, suka tura shi gaba a salla. Girman ya yi masa daɗi, wa zai ƙi? Na taɓa yi wa Kawu ƙorafin haka, ya ce, "Bar shi. Karatunsa na gaske ne, ihun ne kawai na wasa. Ni an ba ni dariya, shi an ba shi girma, kowa ya samu abin da zai iya ɗauka."

Akwai wani magini, mutumin wajen Gusau, da ɗansa ya rasu a gida, kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, bai sake shi ya je ba. Mutumin nan ya daina magana. Ya je aiki, ya dawo, ya juya wa bango fuska. Abokan ɗakinsa suka yi nasiha har suka gaji. Kawu bai yi masa wa'azi ko ɗaya ba. Kowace Juma'a bayan an sauko sai ya je ɗakin da faranti ɗaya da sanda, ya zauna a bakin katifar, ya juya, ya yar. Ya ɗauka, ya juya, ya yar. Ƙarar ta ishi kowa. A Juma'a ta huɗu maginin ya juyo a fusace ya ce, "Haba tsoho! Ka daidaita sandar mana, a karkace take!" Kawu ya ce, "Alhamdulillahi, ashe kana gani." Ya tattara kayansa ya tafi, bai ƙara ko kalma ba. Maginin yana cikin waɗanda suka ɗauki makara ranar Talata.

Da gari ya buɗe, aka halatta silima da wasanni, aka fara kawo masu wasa daga ƙasashen duniya, na ɗauki tsofaffin nan biyu na kai su wani babban zaure, wasan yamma. Jerin kamar na Funtuwa ne, sai dai an yi masa wanka: masu tsalle-tsalle, mai dabo da akwatin madubi, wani mai kwaikwayon muryoyi, sannan wani Bature siriri da farantai sun fi goma. Ko ɗaya bai faɗi ba. Aka tafa masa tafi mai ladabi, aka koma shiru. Kawu ya raɗa min, "Gwani ne, ya fi ni nesa ba kusa ba. Amma dubi, ba mai kallonsa, wayoyinsu ke kallo. Da zai yar da ɗaya da sun sauke hannu." Can na ga Baffa ya dafa kujera zai miƙe. Kawu ya cafke masa riga ya ce, "Zauna, Malam, nan masu gadi ne za su amsa maka." Suka yi ta ƙyaƙyata kamar yara har na gabanmu suka waiwayo.

Da muka fito wa muka gani a layin shiga da 'ya'yansa da jikoki? Mai turaren Dira. Wato in Bature ya juya faranti fasaha ce, a sa sabuwar jallabiya a je kallo. In Kawuna ya juya, sai a sassauta murya a ce Allah ya yafe masa. Wannan ne abin da ya fi ƙona min rai a zaman makokin nan.

Ba zan zalunci taubashina ba, yana da nasa ciwon. Rana ta biyu na sake tayar da maganar akwatin, ya ce, "Yaya, kai da girmanka ka zo garin nan. Ni a nan na yi makaranta. Wani yaro ya ga Baba da rigar nan, shekara shida ana kirana ɗan wawa. Ni ban taɓa tsayawa na kalli wasan nan ba, in an fara mota nake komawa. Kullum a gaban mutane Baffa yana ce masa maƙaryaci, shi kuma yana dariya. Aib ne, abin kunya, wallahi. Ina so 'ya'yana su ce kakansu direba ne." Kalma ɗaya ce za ta warware masa rabin ciwon, ita ce kuma aka ɗaure ni a kanta.

Bayan Azahar na bi Baffa a hanyar dawowa daga masallaci. Na ce, "Baffa, ka kwance ni daga rantsuwar nan."

Bai tsaya ba. Ya ce, "Me kake so? In tashi gaban mutanen da suka bi ni salla shekara ashirin in ce musu ɗan wasa suka bi?"

"Ai ɗan wasa suka bi, Baffa, kuma sallarsu ta yi."

"Ba ka da kunya."

"Wurin Kawu na samo, ita kaɗai ce gadona. Yana raye ya ɗauke maka kunyar ya bar maka girman. Yanzu ya mutu, ita ma kunyar so kake a binne shi da ita shi kaɗai? Gobe akwatin zai tafi bola, ɗansa kuma zai rayu yana ganin ubansa abin tozartawarka ne."

Ya tsaya, ya dube ni, leɓensa yana motsi. Sai ya ce, "Rana ta yi zafi," ya shige gida. Na tsaya a titi ina jin kamar in fasa ihu. Na yanke a raina in bai faɗa ba ni ma ba zan karya rantsuwa ba, amma ba zan sake bin sa salla ba har abada.

Rana ta uku bayan La'asar ɗakin ya cika har tsakar gida. Baffa ya ja addu'a, aka shafa. Akwatin yana bakin ƙofa, an ɗaure shi da igiya, an jingina shi da buhunan tarkace. Taubashina ya miƙe don godiya, yana haɗa Hausa da Larabci. Ya gode wa waɗanda suka yi wanka da waɗanda suka haƙa, sannan ya ce, "Mahaifinmu direba ne. Ya ci guminsa. Duk rayuwarsa bai san komai ba sai mota da masallaci." Mutane suka fara gyaɗa kai, ana shirin cewa haka ne. Na ji wani ya ja numfashi a kusa da ni, ɗaya, biyu, uku.

"Ƙarya ne!"

Baffa ne a tsaye, yatsa a miƙe, da muryar nan da kowa ya sani. Carbi ya faɗi daga hannun mai turare. Baffa bai sauke yatsan ba, kuma ba ɗan yake kallo ba, tsakiyar ɗakin yake kallo, inda babu kowa. Jira yake a amsa masa, mai amsawar kuwa kwanansa uku a ƙasa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "To, zo ka riƙe."

Na kwance igiyar, na miƙa masa sanda da faranti. Bai duba ƙusa ba. Ya ɗora farantin, ya ba shi mari ɗaya da gefen hannu, farantin ya tashi ya tsaya cak, furannin suka narke suka zama zobe. Hannun da ke rawa in zai ɗauki kofin gahawa, ran nan ko motsi ba ka gani. Gani ya kori ji, ba wanda ya buƙaci bayani.

Mai turare ya ce, "Subhanallahi, Malam! A gidan makoki?"

Baffa ya ce, "A gidan ɗan wasa. Ni ne abokin wasansa tun muna samari. Duk ihun da kuka ji na yi, a ɗakin nan muka shirya shi, ni da shi. Ban taɓa tsawata masa ba, ku daina yaba min da abin da ban yi ba. In zunubi ne ku raba biyu ku ba ni nawa tun ina da rai. In kuwa dariyar nan ta taɓa sauke wa wani nauyi a garin nan, ya faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Daga can bakin ƙofa maginin ya ce, "Ni ta sauke min." Wani direba ya ce shi ma. Sauran suka sunkuyar da kai, ban kuma damu da su ba.

Farantin yana ta juyawa. Sai na ga Baffa ya ɗan karkatar da kai gefe, yadda ya saba yi in lokacin cire hula ya zo. A nan na lura da hular, tsohuwar ce, mai aljihun da na ɗinka. Kafin in motsa wani ya riga ni. Taubashina ne, wanda ya ce bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Ya zagaya ta baya, daidai ta inda ubansa ke zagayawa, ya cire hular da yatsu biyu, ya leƙa ciki. Ya sa hannu ya zaro ƙwai. Da ɗuminsa, tun daga gida Baffa ya dafo shi.

Ya tsaya da ƙwan a tafin hannu, hawaye yana sauka a gemunsa. Sannan ya ɗaga shi sama. Dariya ta kuɓuce wa wani a baya, ya toshe baki, ta kuɓuce wa na kusa da shi, sai ga ɗaki duka ana dariya ana kuka, har mai turaren yana goge ido da hannun riga. Farantin ya rage gudu, ya yi tangaɗi, ya faɗi ƙwaram a kan siminti. Ba wanda ya yi eho. Ɗan ya durƙusa ya ɗauka, ya goge da gefen jallabiyarsa, ya mayar cikin akwati. Da kansa ya ɗauki akwatin ya kai motarsa, ya ƙi yarda a kama masa.

Da Magariba ta yi wasu suka ja baya, suka ce za su yi a masallaci. Baffa ya shiga gaba, mu da muka rage muka yi sahu biyu, ni ina daidai bayansa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa inda yake kwance, ya saka masa da kowace dariya da ya ciro daga ƙirjin da ya ƙuntata. Akwatin yana Badi'a yanzu. Rigar kuwa tana shagona a Dira, ɗan ne ya kawo ta da kansa, hammatar ta sake yagewa. Na tambaye shi ko in ɗinke ta kawai a ajiye. Ya ce, "Yaya, ka ƙara mata faɗi a kafaɗa. Na fi Baba jiki."